Gecko, Blink da WebKit a kan Linux: wanda na zauna a kansa

Da yawa suna sauya burauza su ɗauka sun yi sabon abu, alhali injin da ke zana musu shafi yana nan daram. Brave, Vivaldi, Opera da Edge duk Blink ne a cikinsu, injin da Google ta ɓallo daga WebKit a 2013. Riga ce kawai ta bambanta. Shi ya sa da na tashi gwaji a laftof ɗina mai Debian, wani nau'in Linux, injin na bi ba suna ba: Firefox mai Gecko, Chromium (burauzar da aka gina Chrome a kanta) mai Blink, sai GNOME Web mai WebKit.

Wajen karatu GNOME Web ya kwanta mini a rai. Ba shi da hayaniya, rubutu yana fitowa tsaf. Sai dai ba ya zuwa da Widevine, manhajar da ke buɗe bidiyo mai kariyar haƙƙin mallaka, don haka bidiyon da aka sa wa kulle ba ya kunnuwa. Wani shafin taron bidiyo ma tun daga ƙofa ya tare ni, ya ce bai san burauzata ba. Abin ya sosa mini rai, domin mai shafin ne bai gwada aikinsa a ko'ina ba sai a Blink. Kuma asalin WebKit ɗin nan daga KHTML, injin burauza na KDE, ƙungiyar masu haɗa manhajojin Linux, Apple ta ɗauko shi, wato a gidan Linux aka haifi kakan Blink.

Chromium kuwa duk abin da na buɗe ya buɗu, babu gardama. Matsalata da shi tsarin Manifest V3 ne, wato ƙa'idojin Google na ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, wanda ya rage wa masu toshe talla ƙarfi. Cikakken uBlock Origin, manhajar toshe talla, a Firefox yake aiki yadda na saba.

Ƙaura zuwa Firefox ba ta da wuya. Shafukan da na adana sun biyo ni cikin sauƙi. Kalmomin sirri na fitar da su a fayil ɗin CSV, wato fayil na zallar rubutu, na shigar, na goge shi nan take, saboda komai a fili yake a ciki, duk wanda ya buɗe zai karanta. Kowane asusu kuma sai da na sake shiga.

Yanzu Firefox ne na yau da kullum, don ba na son intanet ta koma hannun inji ɗaya. Chromium na bar shi a gefe saboda shafukan da suka yi taurin kai.