Zango a Zanzibar Ranar Ruwan Sama: Sharhi Kan Yawon da Jirgin Shaƙatawa Ke Sayarwa

Wanda ya baro Gombe a watan Afrilu, lokacin da zafi ke korar mutane zuwa tsakar gida da tabarma, ba zai tuna da rigar ruwa ba. A Zanzibar kuwa, tsibirin da ke gaɓar Tanzaniya, wannan watan tsakiyar damina ne. Damina biyu gare su: babbar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu, sai ƙaramar, vuli, wajejen Nuwamba da Disamba. Shi kuma jirgin ruwan shaƙatawa ba ya ɗage zango don hadari ya haɗu. Sa'o'in da ya ware maka ke nan, ko sama ta yi haske ko ta tsuge.

Na bi yawon yini ɗaya da kamfanin jirgi ke sayarwa a irin wannan rana. Hukuncina a taƙaice: abin da kuɗinka ke saya maka na gaske abu ɗaya ne, wato idan motarsu ta makara jirgi zai jira ku. Sauran duk za ka iya yi da ƙafarka, har ma ya fi daɗi.

Matsalar tun daga sauka take farawa. Manyan jirage sukan tsaya can cikin teku, sai a riƙa jigilar mutane zuwa gaɓa da ƙananan jirage. Ruwan sama kaɗai ba ya hana wannan jigila, iska ce ke hanawa, domin idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi ƙaramin jirgin yana hawa da sauka a gefen babban, taka matakala ta zama kasada. Kyaftin na da ikon soke zangon ɗungurungum, kuma babu mai ja da shi. Masu tikitin yawon kamfani ake fara saukewa, sauran su karɓi lamba su jira. Mai saurin jiri ya sha maganinsa kamar minti 30 zuwa sa'a 1 kafin ya shiga, ya zauna tsakiya ba gaba ba. Bayan amai ya taso maganin ba ya wani amfani.

Yawon da ya shafi teku, ka yafe shi a ranar ruwa. Tsibirin Changuu, inda ake zuwa kallon manyan kunkuraye, tafiyar kusan rabin sa'a ce a kwale-kwalen katako mai rumfar tamfol, ruwa na shigowa ta gefe, jikinka sharkaf kafin ka ga kunkuru ko ɗaya. Iyon kallon kifi ma asara ce, don ruwan da ya gangaro daga tudu yana dagula teku, ba ka ganin komai sai duhu-duhu. In ana walƙiya kuwa babu batun shiga ruwa sam. Bakin tekun Nungwi a arewacin tsibirin tafiyar sa'a 1 da rabi ce a rana mai kyau, ka lissafa zuwa da dawowa cikin taɓo. Gonakin kayan ƙamshi na wajejen Kizimbani suna da dama-dama: ruwa na tayar da ƙamshin kanumfari da kirfa da masoro, amma hanyoyin cikin gona laka ce mai kama takalmi, ga sauro.

Inda ranar ruwa ba ta ɓaci ba shi ne Tsohon Gari, Mji Mkongwe a bakinsu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Dab da tashar jiragen ruwa ta Malindi yake, ba ka bukatar mota. Gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su, dogaye, lungunan kuma matsattsu har mota ba ta shiga mafi yawansu. Abin da sabon zuwa bai sani ba shi ne, ruwan da ke jiƙa mutum a lungu ba na sama ba ne kai tsaye, na indararo ne, yana zubowa daga hawa na biyu ko na uku kamar an tuntsurar da tulu. Ƙasa kuma ta koma ƙorama, a wasu wuraren har idon sawu. A nan dakali ke aiki. Kusan kowane gida na da dogon dakali a jikin bango, su suna kiransa baraza, irin wanda dattawanmu ke zama a kai a ƙofar gida bayan la'asar. Idan ruwa ya cika lungu, kan dakalin mutane ke bi, daga na wannan gida a tsallaka na wancan, tsohuwa da kwandonta, yara 'yan makaranta da takalma a hannu. Ka bi sahunsu, amma ka sa ido ga masu babur da ke ratsowa suna fantsama ruwa.

Laima ba ta da amfani sosai a nan, lungu ya fi ta ƙunci, tana karo da ta wani. Rigar ruwa mara nauyi ta fi, da takalmi mai igiya da ƙasan roba mai tsagi. Silifa kan jiƙaƙƙen dutse santsi ne kawai. Kada ka cika jaka da leda don kare kaya, an haramta ledar cefane a Zanzibar kamar sauran Tanzaniya. Ƙaramar jaka mai hana ruwa ta ishi waya da katin shiga jirgi da katin rigakafin shawara, wanda ɗan Najeriya bai kamata ya rabu da shi ba. Kyamarar da ta kwana cikin sanyin na'urar ɗaki za ta yi raɓa da zarar ta sha iskar waje. Bar ta cikin jaka kamar minti 20 ta ɗumama, gogewa ba ta magani.

Wuraren da ke da rufi su ne abin nema. Cocin Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, yana da ɗakin baje tarihin cinikin bayi da kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ka ba shi sa'a guda cur, ba wurin leƙawa a wuce ba ne. A nan yawon kamfani ya fi ba ni haushi: jagora ɗaya ga taron mutane, ruwa na dukan rufi, na baya ba ya jin komai, kuma kafin ka gama karanta allo biyu an ce a tafi shagon tsaraba. Kasuwar Darajani, wadda ke nan tun 1904, rufaffiya ce, sai dai ɓangaren kifi ƙasansa jiƙe yake ga ƙarni. Tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, mafi yawanta fili ne, kallon minti 15 ya isa. Gidan Al'ajabi, fadar da Sarkin Zanzibar Bargash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka ka tambaya ko an buɗe kafin ka sa shi a lissafi.

Abinci babu fargaba, garin Musulmi ne, masallatai a kowace kusurwa. Kasuwar abincin Forodhani da ake ta yabo sai da magariba take ci, lokacin jirginka ya tashi. Ka nemi urojo a lungu: romo ne rawaya mai ɗan tsami, a ciki akwai dankali, da wani soyayyen abu mai kama da ƙosai, da dafaffen ƙwai, da tsinken nama irin tsire. Da zafinsa, ka bi shi da gahawa a ɗan ƙaramin kofi, sanyin jiki ya tafi.

Sai batun lokaci, wanda shi ke barin mutane a gaɓa. Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da sa'a 2, kuma wayar da ba ta kama layi ba tana iya ci gaba da nuna maka lokacin Gombe. Ka saita agogon hannu da na jirgi tun kafin ka sauka. Bayan wannan, mutanen wurin daga wayewar gari suke fara ƙirga sa'a. Ƙarfe 7 na safe shi ne "saa moja", sa'a ta ɗaya. Direba ko mai kwale-kwale ya ce maka "saa tisa", ƙarfe 3 na rana yake nufi, ba 9 ba. Ka rubuta lokacin da lamba, ka nuna masa a fuskar agogo.

Lokacin da za ka riƙe shi ne na ƙaramin jirgi na ƙarshe, ba na tashin babban ba. A ranar ruwa ka kasance a tasha sa'a 1 kafin wannan, domin kowa lokaci ɗaya yake gudowa, layi ya yi tsawo, kuma idan iska ta ƙaru ana iya tsayar da jigila da wuri. In har sai ka je nesa, kamar dajin Jozani wurin jajayen birai, to sayi tikitin kamfani, amma ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi tukuna. A jirgin da na bi, sai su ne suka soke yawon ake mayarwa. Ruwan sama ba ya cikin dalilan da suka yarda da su.