Waƙar fada: salo ko mai noman geron?

A Maradun, kaka kan saurari makaɗin kotso don daɗin amshi, da kirari, da yadda zambo ke sukar abokin hamayyar sarki ba a kama suna ba. Wannan shi ne tarken salo, wato nazarin waƙa ta fuskar salonta, kunne ke hukunci.

Mai mazhabar Markisanci kuwa, wato mai nazari bisa ra'ayin masanin nan Karl Marx, tambaya yake yi. Dokin da aka ba makaɗi, geron wa ya ciyar da shi? Wa ya biya jangali? Tun 1848 Marx da abokin aikinsa Engels suka ce tarihin al'umma gwagwarmayar azuzuwa ne, wato tsakanin masu dukiya da marasa ita, kuma jam'iyyar NEPU ta 1950 ta sa kalmar talakawa a bakin siyasa. Ni na fi karkata nan, sai dai mazhabar ba ta iya faɗa mini dalilin da talakan ke rausayawa in kotso ya tashi.