Mashin ɗin lanƙwasa tiyo mai jak da na saya, da abin da ya yi mini a kujerun biki

Jama'a assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na sayi mashin ɗin nan na lanƙwasa tiyo, jan nan mai jak na tan 12 wanda wasu ke ce ma santirez, kuma tun ranar da ya ɓata mini aikin Yayata nike son in yi magana a kanshi amma na ce bari in huce tukunna kada hushi ya sa in faɗi abin da ba shi ke nan ba.

Ni walda a gida nike yi, in na taso aiki da marece sai in jawo kaya tsakar gida nan unguwar Zariya a Maraɗi in yi ƙofa ko taga ko ƙafar randa, amma abin da ya hi kawo mini kuɗɗi shi ne kujerun ƙarhen nan da ake saƙawa da igiyar roba, kowace fada tana son su, kowane ƙofar gida akwai su. Wahalar kullum lanƙwasa ce. Sai na ɗaure tiyo bisa moto na kai wani wuri a lanƙwasa mini, a ce dawo gobe, gobe a ce yaron bai zo ba, kuma in an yi sai ka ga ƙafa ɗaya ta hi ɗaya buɗewa. Shi ya sa na tara na ce nima bari in mallaki nawa. Kuɗɗinshi kun san su ba sai na faɗa ba, ba abin wasa ba ne ga mai ƙaramin ƙarhi.

Da na je shagon na tambayi mutumin baki da baki, na ce Alhaji wanga yana yin tiyon kujera? Ya ce Malam tan 12 ne fa, komi ka sa mishi lanƙwasawa yake. Maganar nan ita ke cina har yanzu. Da ya ce mini bai sani ba da na je na tambayi wani.

Ranar farko kam wallahi na ji daɗi. Akwai guntun tiyon ruwa galba 20/27, wato faɗin ciki mili 20 na waje mili 27, da ya rage lokacin da aka jawo mana pampo, na sa shi cikin kai na biyu, wato ƙarhen mashin ɗin da tiyo ke kwanciya ciki, na dinga buga jak a hankali, tiyo ya bi ya kwanta sumul har kwana ta cika, ba lotsawa ba komi. Na kira maƙwabcina ya gani. Da daren nan na kira Yaya na ce kujeru shidan da kike so na bikin ɗiyarki ki bar mini, ni zan yi su, ba sai an kai ko'ina ba. Ta ce ƙanena ka tabbata? sati biyu ya rage fa. Na ce ki kwantar da hankalinki.

Washegari na sayo tiyon kujera na 25, wato faɗin waje mili 25, mai siririn jikin nan da bai wuce mili 1,2 ba, na auna na yanke duka gaba ɗaya don aiki ya yi sauri. Na sa na farko. Ko rabin lanƙwasa bai kai ba na ji ƙas a hannuna, na duba sai ga tiyo ya karye daga ciki kamar an lanƙwasa ɗanyen karan gero, bayanshi ya baje cikinshi ya tattare. Na ce ƙila na yi gaggawa. Na sa na biyu ina buga jak kaɗan kaɗan kamar mai tsoron tada barci, shi ma haka. Na uku na canza ramin tayoyin nan biyu da ke tare tiyon daga sama, na matso da su, sai abin ya ƙara muni, ga karaya a tsakiya ga kuma lotsawa biyu gehe da gehe inda tayoyin suka danna. Kahin magariba guda biyar na zubar, kuma tunda na riga na yanke su ba yadda za a yi su koma wani aiki sai dai guntaye. Na zauna bisa turmi ina kallonsu, uwargida ta kawo abinci ban iya ci ba, ba don tiyon ba, don alkawalin da na ɗauka ma Yaya gaban mijinta.

Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Kawunan nan shida da ke zuwa da mashin ɗin, masu kamar rabin wata, duk awon tiyon ruwa ne aka yi su da shi, 15/21, 20/27, 26/34, 33/42, 40/49 da 50/60. Ba na 25 a ciki. In ka sa tiyon kujera a kan 21 ba ya shiga, in ka sa shi a na 27 yana lilo, akwai sarari wajen mili biyu, to cikin sararin nan yake samun wurin bajewa. Kuma yadda mashin ɗin ke aiki turawa ce kawai, jak ya tokari tsakiya tayoyi biyu su tare gehe, ba abin da ke riƙe jikin tiyon. Tiyon ruwa jikinshi da kauri shi ya sa yake jurewa. Ashe tan 12 ɗin da aka yi mini talla da shi ba shi ne zancen ba sam.

Na koma shagon da guntayen cikin buhu na zube mishi. Ya ɗauki ɗaya ya juya ya ce ai tiyonka ne ba kyau Malam. Na ce to ka karɓi kayanka ko da ragi ne, ya ce abin da ya hita ya hita, ga shi har fenti ya kankare. Ban yi faɗa ba, dattijo ne, amma na gaya mishi Allah na gani.

Wanda ya cece ni wani tsoho ne mai walda can wajen Sabon Gari, tun muna yara muke ganinshi yana yin gadajen ƙarhe. Na kai mishi guda ɗaya, bai ma karɓa ba ya ce ɗana ba ka sa rairayi ba ko? Na ce Baba wane rairayi. Ya ce ka tahi Gulbi ka ɗebo mai laushi, ka tankaɗe da rariya, ka shanya bisa kwano har ya bushe ƙayau, ka toshe bakin tiyo ɗaya da icce ka dinga zubawa kana bubbuga jikinshi da guduma har ya daina sauka, sannan ka toshe ɗayan. Ya ja mini kunne sosai kan bushewar, ya ce in akwai laima a ciki kuma ka sa mishi wuta tururi na iya harbo toshiyar a huskarka. Ya kuma nuna mini layin ɗinkin da ke cikin tiyo, ya ce kada ka bar shi a bayan kwana ko cikinta, ka juya shi ya koma gehe. Sarari kuma ya ce in yanko guntun kwano in shimfiɗa cikin kan 27 ɗin ya cike.

To gaskiya ya yi. Ba sumul kamar na tiyon ruwa ba, in ka shafa za ka ji ya ɗan baje, amma bai karye ba, kuma in igiya ta hau kai ba mai lura. A daren nan har na ce ma kaina mashin ɗin ba laihinshi, an sayar mini da shi ne a kan aikin da ba nashi ba, kuma in mutum pulambiye ne mai aikin pampo ko mai yin rumfa da dogarin baranda da tiyo mai kauri zan ce mishi saya kai tsaye. Har yanzu ban janye wannan ba.

Amma fa da na tuna kwanakin nan sai raina ya sake ɓaci. Kowane tiyo sai ka yi wajen rabin awa kana ɗura rairayi kana bubbugawa, ka lanƙwasa, ka cire toshiya ka zazzage, kujera ɗaya kuma lanƙwasa nawa gare ta? Ni da na sayi mashin don in huta. Ga shi ba alamar digiri ko ɗaya a jikinshi, sai da na yanka kwali daidai kwanar da nike so ina gwadawa, kuma da ka saki jak tiyon sai ya ɗan koma baya, dole ka wuce kaɗan, nawa ne kaɗan ɗin kai za ka gano da asararka. Lanƙwasa biyu kusa da juna ba ya yi, tayoyin na cin wurin. Lanƙwasar bayan kujera mai zagayowa kamar kofaton doki ma kada ka sa rai. Tiyo mai kusurwa huɗu da muke tabul-ban na lekol da shi kuwa ba kanshi a ciki ko ɗaya, shi har yau yanka nike ina naɗewa in bi da walda. Sannan cikin wata na biyu jak ɗin ya fara zubar da mai ta wuya, ka buga ka buga ka ga yana sauka da kanshi a hankali, sai da na kai ma mai gyaran jak ya canza roba. Sabon abu fa.

Kujerun Yaya huɗu na gama kahin ranar kai kaya, biyun sai bayan biki da kwana uku na kai su da kaina. Ba ta ce mini komi ba sai Allah shi yi albarka ƙanena, kuma wannan ya hi mini ciwo bisa ga ta yi faɗa, don na ga an aro kujerun roba an cike wurin.

Abin da ya kamata in saya tun farko shi ne na hannu mai dogon mariƙi, wanda ake kahewa a ƙasa, ya damƙe tiyo ya naɗe shi jikin wani faifan ƙarhe mai kwari daidai kaurinshi, wani ƙarhen kuma na bin bayanshi yana danne shi. Irin shi tsohon nan ke da shi, nashi ma ƙirar hannu ce, na ga ya lanƙwasa tiyon 25 gabana ba rairayi ba wuta. Sai dai kowane kauri da faifanshi, in ka sayi mai na 25 kawai to 25 kawai za ka yi.

Jan mashin ɗin yanzu yana zaure na lulluɓe shi da buhu, wani pulambiye na zuwa haya lokaci lokaci, kuɗɗin nike tarawa. Bayan salla in Allah ya yarda zan bi ta Ɗan Isa in shiga Kano in duba kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma guntun tiyon 25 biyu na nan na aje cikin jikkata, sai an lanƙwasa su gaban idona kahin in zaro ko dala.