Tauraron Burma ko littafin sallama: wanne zai kai ka ga tarihin tsoho?

Ɗan'uwanmu na Unguwar Rogo a nan Jos ya ce ya buɗe akwatin ƙarfen marigayi kakansa, ya tarar da taurari biyu na tagulla da ɗan littafin sallama daga soja wanda asu ya fara ci. Tambayarsa ita ce: ya sa ƙarfinsa wajen sayo sauran lambobin yabon da suka ɓace, ko ya bi diddigin littafin?

Malam, Allah Ya jiƙan tsoho. Ni dai littafin zan ce ka riƙe.

Tauraro yana faɗa maka inda mutum ya je. Dubi ƙyallen da aka rataye shi da shi. In ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, to na Burma ne, wanda aka bai wa waɗanda suka yi yaƙi a can tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. In kuwa launin rairayi ne da jan layi a tsakiya, na Afirka ne, kuma yana iya nufin tsoho yana cikin 'yan Najeriyar da suka shiga Mogadishu a 1941 suka nausa Habasha. Iyakar abin da ƙarfen zai gaya maka ke nan. Yawancin taurarin Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta raba su ba suna a bayansu, saɓanin na Yaƙin Farko da ake buga suna da lambar soja a jiki. Saboda haka wanda za ka saya a hannun dillali na wani bawan Allah ne, in ma ba jabu ba ne, ga su nan birjik.

Littafin sallama kuwa shi ke faɗin wane ne mutumin. Abu na farko da za ka nema shi ne lambar aikinsa, wadda ta 'yan Najeriya kan fara da NA. Kada ka dogara da suna, domin akawun bariki kan rubuta mutum da sunan garinsu ne, wane Bauchi, wane Zariya, kuma sai ka samu masu suna ɗaya barkatai. Sai ka duba bataliyarsa. Ita ce za ta nuna ko yana Runduna ta 81 da ta ratsa kwarin Kaladan na ƙasar Burma a 1944, ko ta 82 da ta yi fama a Arakan, ko kuma cikin bataliyoyin Najeriya da suka bi dakarun musamman na Ingila da ake kira Chindit bayan layin Jafanawa. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnenmu: barikin Chindit na Zariya, Dalet na Kaduna, Arakan da Myohaung na Legas, duk daga can aka ɗebo su. Da sunan bataliya kana iya neman kundin da hafsoshi ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen fama, wanda ke ajiye a ma'adanar tarihi ta Kew a Landan. Da wuya ka ga sunan kurtu a ciki, amma za ka ga ƙauyen da suka kwana da ranar da aka yi artabu. Abokansa da suka kwanta dama a can, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da sunayensu da lambobinsu a intanet, kyauta.

Taurarin nan biyu kada ka goge su da toka ko yashi, kada ka canza musu ƙyalle, kada ka raba su da littafin. Littafin kuma kada a manne shi cikin leda da zafi. Ɗauki hoton kowane shafi, ka sa shi a ambulan inda damshi ba ya kaiwa. In akwai gwaggo ko kawu da suka ji labarin daga bakinsa, je ka zauna da su a makon nan, ka naɗi muryarsu. Daga nan ka turo mana hoton shafin da lambar take, mu taya ka karantawa.