Immunity, Untrue ko Selected Ambient Works: wanne za ka fara saya?

Akwai kiɗan na'ura da ke sa ƙafa ta riƙa bugun ƙasa alhali zuciya ta tafi can wani wuri. Ana samunsa ne idan aka haɗa salon ambiyent, wato sauti mai shimfiɗuwa a hankali kamar hazo, da bugun kiɗan rawa. In kuɗinka na albam ɗaya ne, ga guda uku daga Ingila da na daɗe ina saurare.

Mafi tsufa shi ne Selected Ambient Works 85–92 na Aphex Twin, wanda ya fito a 1992. Richard D. James, wato ainihin sunan Aphex Twin, ya fara haɗa wasu daga cikin waƙoƙin tun yana matashi a Cornwall, kuma a kaset aka naɗe su, shi ya sa za ka ji ɗan shuuu a ƙarƙashin kiɗan. Wannan shuuu ɗin ba aibi ba ne a kunnena, kewar ƙuruciya yake tuna min. Sai dai ka kula a wurin saye: akwai kashi na biyu na wannan albam, Volume II na 1994, wanda kusan babu ganga a cikinsa. Mai neman abin rawa zai yi da-na-sani.

Untrue na Burial, daga kamfanin Hyperdub a 2007, na masu kaɗaici ne. Kudancin Landan ne da tsakar dare: ƙarar ruwan sama, ƙaƙas-ƙaƙas irin na tsohon faifai, da muryoyin da aka yanka aka sauya har ba ka gane mace ce ko namiji. Yana shiga rai sosai, amma nauyinsa ba na kowace rana ba ne.

Ni dai Immunity na Jon Hopkins zan ce ka fara da shi. Ya fito a 2013 daga kamfanin Domino, waƙoƙi takwas, kimanin awa ɗaya, kuma ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Mercury ta 2013, wadda ake ba albam mafi kyau a Birtaniya da Ireland. Yana buɗewa da ƙarar mabuɗi a ƙofar ɗakin aikinsa, sai ganga ta taso tana ƙara ƙarfi har numfashi ya riƙa bin ta. Daga tsakiya komai ya lafa, fiyano ya karɓa, kamar wanda ya dawo daga biki da asuba jiki ya mutu amma rai fes. Ranar da na fara jin waƙar ƙarshe, wadda King Creosote ya rera, na daɗe zaune ban iya tashi ba. Albam ne da ake ji daga farko zuwa ƙarshe a jere, don haka kar ka sayi waƙa ɗaya ka bar sauran.

Kafin ka biya, saurari kowanne a YouTube ko Spotify. In za ka sauke, nau'in fayil na FLAC ya fi MP3 tsabtar sauti, sai dai yana cin data da wuri a waya. Kuma ka tanadi hedifon mai ɗaukar bas, don lasifikar waya tana haɗiye rabin abin da ke cikin Immunity da Untrue.