Jianbing a gida: farantin baƙin ƙarfe ko injin lantarki?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambayi abin da ya fi dacewa ki saya don yin jianbing a gida, wato faffaɗar wainar nan marar kauri ta ƙasar Sin da ake fasa wa ƙwai, a shafa miya, a naɗe da soyayyen falle mai ƙarau-ƙarau a ciki. Tsakanin injin lantarkin da kika gani da farantin baƙin ƙarfe da ake ɗorawa a kan gas, ɗauki ƙarfen. In dai jianbing kike so ya fito irin wanda ake sayarwa da sassafe a bakin titi a ƙasar Sin, ƙarfen ne zai ba ki shi, kuma galibi ma ya fi araha.

A Tianjin, birnin da ya fi suna da wannan abinci, a kan faffaɗan ƙarfe zagayayye marar baki ake yinsa. Mai sana'ar zai zuba ludayi ɗaya na ƙullu a tsakiya, ya ja shi da 'yar sandar gora mai siffar harafin T, zagaye ɗaya ko biyu ya bazu. Wanda ya taɓa ganin yadda ake shimfiɗa kisira ya san irin hannun. A 2018 ƙungiyar masu sana'ar abinci ta birnin ta fitar da ƙa'idar cewa faɗinsa ya kasance tsakanin santimita 38 da 45. A gida santimita 30 zuwa 33 ya ishe ki, domin wutar gas ɗin kicin ba ta iya zafafa gefen farantin da ya wuce haka.

Wannan jan ƙullu abu biyu yake nema. Dole fuskar ta ɗan riƙe ƙullun, kuma dole zafin ya tsaya daram lokacin da ƙullu mai sanyi ya sauka a kai. Baƙin ƙarfe mai kauri yana yin duka biyun. Na kicin ɗina kaurinsa milimita 5, nauyinsa wajen kilo 3, ya yi baƙi wuluk yana sheƙi saboda shan mai, kuma kullum ƙara kyau yake. Na farko da na goma launinsu ɗaya suke fitowa, gefen ya ɗago da kansa yana jiran ki sa hannu. Ranar da ba jianbing, shi ke gasa gurasa. Illarsa nauyi, da jiran minti 8 zuwa 10 a kan matsakaiciyar wuta kafin ya yi zafi ko'ina, da tsatsa in kika bar shi a jiƙe.

Injin kuwa, to, yana yi. Abin da zan iya cewa ke nan. Shafen hana kamun da ke fuskarsa santsi ne da shi, sai ki ga ƙullun yana bin sandar yana tattarewa maimakon ya zauna. Wayar da ke ba shi zafi zobe ɗaya ce a ƙarƙashi, shi ya sa wuri ɗaya ke ƙonewa alhali gefe na nan ɗanye, ga na'urar daidaita zafin tana kunna kanta tana kashewa a tsakiyar aiki. Ƙarfen ɗagawa kuma yana karce shafen. Mai ɗan dama-dama yana cin wat 1,000 zuwa 1,500, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Wanda ke ɗakin makaranta ko gidan hayar da aka hana gas da gawayi, shi ne kawai zan ce ya saya.

Kaskon suya mai baki ma ki bar shi, bakin ne ke tare sandar.

Sabon ƙarfe sai an hore shi. Wanke shi da sabulu sau ɗaya, ki busar a kan wuta, ki shafa man gyaɗa kaɗan ƙwarai da tsumma, ki bar shi har ya yi hayaƙi ya daina. Maimaita sau uku. Daga nan goge shi kawai za ki riƙa yi, ki shafa mai kafin ki ajiye.

Batun ƙullu, na Tianjin na asali ƙananan koren waken nan ne da ake kira mung, a jiƙa a markaɗa, wasu su ƙara gero kaɗan. Ɗanɗanonsa ya fi, amma ba shi da danƙo, yagewa yake a hannun mai koyo. Fulawa zalla kuma ba ta yagewa, sai dai ta yi tauri da ja in ta huce. Don haka ki haɗa: garin mung gram 70, fulawa gram 50, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwa mililita 250. Wannan zai ba ki uku zuwa huɗu. Ana samun mung ɓararre, rawaya, a shagunan da ke sayar da kayan abincin Indiya. In babu, sa garin gero mai laushi a madadinsa ki ƙara fulawar zuwa rabi da rabi. A lardin Shandong ma da gero da masara da dawa suke nasu. Ki dama har gudaji su mutu, ki rufe minti 30. Ya riƙa zuba daga ludayi siriri ba ya yankewa. Garin yana kwanciya a ƙasa, saboda haka juya shi duk lokacin da za ki ɗiba.

Kafin ki kunna wuta, abin ƙarau-ƙarau na ciki ya zama a shirye, don shi ne rabin daɗin. Fallen samosa da ake sayarwa, in kin soya shi, ya wadatar. In da kanki za ki yi: fulawa gram 100, ruwa mililita 50, gishiri kaɗan, mai ƙaramin cokali ɗaya, ki murza ki bar shi minti 30, ki fyaɗa shi siriri har ki hango yatsanki ta ciki. Yanka shi santimita 8 da 15, ki tsaga shi sau biyu a tsakiya don kada ya kumbura ya nannaɗe, ki soya a mai mai zafi har ya yi ja kaɗan. Jingina shi a tsaye ya tsane.

Gwajin zafin faranti da ɗigon ruwa ne. In ya yi cuu ya bushe cikin daƙiƙa biyu, daidai ne, wato wajen digiri 180 zuwa 200. In ya dunƙule yana ta gudu a kai, zafi ya yi yawa, rage wuta ki jira. A nan yawancin mutane ke faɗuwa: zafi ya yi yawa, ƙullu ya daskare kafin sanda ta zagayo, sai ya yage. Na biyu shi ne mai. Tsumma mai ɗan maiƙo za ki goga, ba zubawa ba, in ba haka ba ƙarfen ma zai koma santsi irin na injin.

Zuba kusan mililita 90 a tsakiya. Sandar ki ajiye ta cikin kwanon ruwa tsakanin kowane ɗaya da na gaba, don busasshiya kama ƙullu take. Ki riƙe ta sako-sako, nauyinta kaɗai ya isa, ki zagaya daga tsakiya zuwa waje ba tare da komawa inda kika wuce ba. In rami ya fito kada ki bi shi, ƙwai zai rufe. Da saman ya daina sheƙi, ki fasa ƙwai ɗaya a kai, ki baza shi da sandar, ki barbaɗa riɗi da yankakken ganyen albasa tun ƙwan na da danshi don su manne. Bayan kamar minti ɗaya gefe zai ɗago. Zura siririn ƙarfe mai faɗi ki bi da'irar, sannan ki kife shi da hannu biyu. Daƙiƙa 20 sun ishi ɓangaren ƙwan.

Yanzu shafa miya a fuskar da ke sama. Ta mutanen Sin tianmianjiang ce, baƙar miya mai zaƙi-zaƙi da ake yi da tsimammiyar fulawa. In ba ki samu ba, dafa baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya (soy sauce) babban cokali 2, sukari 1, ruwa 4 da fulawa ƙaramin cokali 1 har ya yi kauri. Ƙara man barkono gwargwadon bakinki. Ɗora ƙarau-ƙarau a tsakiya, ki naɗo gefe biyu su rufe shi, ki danna tsakiya da ƙarfen ya karye, ki ninke. A ci nan take. Minti biyar a leda tururi ya kashe shi.

Kayan kwalba ki karanta jikinsu. Tsimammen awaran da 'yan Tianjin ke ƙarawa, musamman ja, sau da yawa da giyar shinkafa ake haɗa shi. Tsiran ledar da ake sakawa a wasu garuruwa kuma galibi alade ne, kuma dama ba ya cikin na asali. A unguwar Xibeijiao ta Musulmin ƙabilar Hui a Tianjin, wadda ta yi suna wajen karin kumallo, ba a sa shi.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa, ko da ba ki tambaya ba. Akwai masu fesa baƙin fenti a alminiyam ko siririn kwano su ce zubin ƙarfe ne. Tafi da maganaɗisu: in bai kama ba, alminiyam ne. In ya kama amma farantin santimita 33 bai kai kilo 2 ba, siriri ne, zai lanƙwashe a wuta. Kife rula a kai ki duba ko haske na wucewa ta ƙasa, don mai kwari a tsakiya tara ƙullu yake. In wurin maƙeri za ki ba da a yanko miki, ki ce sabon farantin ƙarfe mai milimita 5 zuwa 6, a goge bakin. Kada ki karɓi murfin duro, ba ki san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, haka ma ƙarfe mai farin shafen tutiya, hayaƙinsa cuta ne. Masu tallar inji a intanet kuma sukan rubuta santimita 40 alhali har da hannuwa suka auna, ki ce a ɗora awo a kan fuskar gashin a turo miki hoto, a kuma nuna miki rubutun ƙasansa. In kika ga ƙarfin wutarsa volt 110 ne, na Amurka ko Japan ne, wutarmu za ta ƙone shi ranar farko. Sandar gorar kuwa kada ki biya kuɗin jirgi a kanta, kowane kafinta zai haɗa miki: katako mai santsi santimita 15, da mariƙi a tsakiya.