Hattara da masu fesa wa ƙasan mota baƙar kwalta a kan tsatsa

Jama'a, musamman masu tsofaffin motoci da masu shirin sayen ta hannu, a yi hattara da wani aiki da ake tallatawa da sunan rigakafin tsatsa. Za a ce ka kawo mota, cikin awa biyu an gama, har da garantin shekaru. A hau da ita rami ko a ɗaga ta, a ɗauko bindigar feshi, a lulluɓe ƙasanta da wani baƙin abu mai kauri, na kwalta ko na roba. Ka leƙa ka ga ko'ina baƙi wuluk yana sheƙi. Wannan rufa-rufa ce, kuma motar ta fi shiga haɗari bayan aikin.

Tsatsar da ta riga ta kama ƙarfe kamar soso take, tana riƙe danshi da gishiri a cikin ɓawonta. Idan aka fesa kwalta a kanta ba a kankare ba, an kulle danshin a jikin ƙarfen ke nan. Kwaltar ma ba ƙarfe ta kama ba, ɓawon tsatsa ta kama. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, sai ta kumbura ta ɗaga rufin daga ciki. Zafi da girgiza da tsakuwar hanya su tsattsaga shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ƙarfen da a da yake jiƙewa ya bushe, yanzu kullum a jiƙe yake, kuma ba mai gani. Kaurin ƙarfen bodi a yawancin motoci bai kai milimita 1 ba, don haka ba ya daɗewa ya huje. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wasu ma algus suke yi wa abin da suke fesawa: su tsinka kwalta da dizal ko baƙin man inji don ta yi auki. Baƙin mai yana kumbura robar bushin da robobin da ke rufe mahaɗar ƙafa, ga shi yana ɗiga a kan salansa mai zafi. Mai gaggawa kuma ba ya rufe komai kafin feshi. Sai ka tarar da kwalta a faifan burki, a salansa, a kan notuna da wayoyi. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne toshe ƙananan ramukan da kamfani ya bari a ƙarƙashin ƙofofi da cikin shasi don ruwa ya tsiyaye. Da zarar sun toshe, dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofa ya zama kwatami, ya riƙa ruɓewa daga ciki.

Dillalan da ba su da amana da wannan feshin suke ɓoye ruɓaɓɓiyar mota, musamman wadda ta yi zama a bakin teku ko a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Inda ƙarfe ya huje sai a cusa masa fila, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke cike rami da shi, ko kumfa, a fesa baƙi a kai. Motar da ta shekara 15 amma ƙasanta sabo fil, ba ƙura, yana warin kwalta, abin tambaya ce. Shiga ƙasanta da tocila, sukundireba, ƙaramar guduma da maganaɗisu. Fara da wuraren sa jak guda huɗu, sannan inda ƙafafun baya da shokazoba suke ɗaure da bodi, da ramin safayar taya. Ƙarfe mai lafiya yana amsa guduma da ƙara mai tsini. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ko ka ji ɓawo yana zuba a ciki. Danna sukundireba duk inda ka ga kumburi. Inda maganaɗisu ya ƙi kama ƙarfen bodi, mai yiwuwa akwai fila mai kauri. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen daga sama, domin can feshin bai kai ba. Idan mai motar ya hana a taɓa, bar masa kayarsa.

Aikin gaskiya ba ya ƙarewa a yini ɗaya. Ana cire tayoyi da robobin da ke rufe gidan taya da ƙasan inji, a wanke da ruwa mai ƙarfi da sabulun cire maiƙo, a bar motar ta bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu. Sannan a kankare tsatsa da burushin waya ko giranda har ƙarfe ya fito. Inda ya huje ko ya yi laushi, babu wani magani sai a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Maganin da ke mayar da tsatsa baƙa, mai sinadarin fosforik ko tanik, siririyar tsatsar da ta rage kawai yake iya kashewa, ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Bayan ya bushe sai fentin farko na efoksi, shafi biyu, sannan abin kariya daga tsakuwa a gidan taya da daɓe. Cikin shasi da ƙofofi kuwa kaki mai ruwa ake fesawa ta dogon siririn tiyo da ake zurawa cikin ramuka, daga baya a tabbatar ramukan a buɗe suke.

Ga tsohuwar motar da ba za a iya kankare kowane lungu nata ba, mun fi amincewa da mai ko kaki marar bushewa, irin wanda ake yi da maiƙon gashin tumaki. Yana ratsa tsatsa da mahaɗar ƙarfe ya kori ruwa, ba ya tsagewa, kuma ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Sharaɗinsa a sabunta shi duk shekara. Wanda ya ce maka shafi ɗaya zai kai ka har ƙarshen rayuwar mota, yaudararka yake yi.

Akwai kuma masu haɗawa da wani ɗan akwati da ake jona wa batir, wai lantarki ne ke korar tsatsa. Dabarar tana aiki a jirgin ruwa da bututun da aka binne, domin ruwa ko danshin ƙasa ya kewaye ƙarfen, lantarki yana samun hanyar zagayawa. Mota a kan tayoyin roba take cikin iska. Tun a shekarun 1990 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta hana wani kamfani tallata irin wannan na'ura da cewa tana hana tsatsa.

Kafin ka ba da mota, nemi a nuna maka gwangwanin abin da za a fesa, a kuma kira ka ka ga ƙarfen bayan kankara, kafin a shafa komai. Karanta garantin: da yawa sai ƙarfe ya huje suke aiki, kuma ba su shafi tsatsar da ta riga ta kama ba. Wanda aka riga aka yi wa feshin, ya sa makaniki ya kankare duk inda ya kumbura, ya fara da bututun burki. Siraran bututun ƙarfe ne, a yawancin motoci faɗinsu bai kai milimita 5 ba, sun bi ƙasan mota daga gaba zuwa baya, kuma sun fi ruɓewa a inda maƙalai suka riƙe su da saman tankin mai. Bututun da tsatsa ta cinye sau da yawa ba ya ba da alama, lokacin da aka taka burki da ƙarfi yake fashewa.